Abin Da Na Yi Wa Baffanki Dauda

Rahila ɗiyata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Shinkafi lafiya, ba ku gamu da abin tsoro a hanya ba, direba kuma bai tsaya inda bai kamata ba. Mamanki tana gaishe ki, mata 'yan zumunta na majami'a ma sun ce a gaishe ki.

Na sa takardar nan a ƙasan jakarki, cikin zanen da Mamanki ta naɗe miki, don kada ki gan ta sai kin isa. Idan kin karanta, kada ki ɗauki hotonta da waya, kada ki tura wa kowa, ko da ƙawar da kika fi yarda da ita ce. Abin da ya shiga waya ba a san inda zai tsaya ba. Ki ajiye ta inda hannun kowa ba zai kai ba.

Na ga mamaki a fuskarki ranar Lahadi, da na ce na yarda ki zauna a gidan Baffanki Dauda. Sati uku ina cewa a'a tun ranar da aka tura ki aikin ungozoma can, ina cewa gara ki kama ɗaki kusa da asibiti, sai ga shi rana ɗaya na canza. Ba ki tambaye ni dalili ba, ni kuma ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba. Shi ya sa na rubuta.

Kin taso kin san kina da baffa Musulmi a Shinkafi, wanda ba a cika kiran sunansa a gidanmu ba. Ga yadda abin ya faro. Kakanki ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa nan Kaura, kuma mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, ni da Dauda. Ni na koyi gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. Shi ya bi mota har ya zama direba, yana bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi, wani lokaci har Jangeru. A majami'a shi ne mai jan waƙa. Idan Dauda bai zo sujada ba, tsofaffi sai sun tambaya ko lafiya.

Wata rana da tsakar rana ya zo rumfata, kina goye lokacin. Akwai mutum biyu zaune suna jiran in gama musu aiki. Ya gaishe su, ya ce, "Yaya, ina son magana da kai, mu biyu."

Na ce, "Faɗa nan, babu baƙo."

Sai ya ce, "Na musulunta. Sati uku ke nan. Ban so ka ji ga bakin wani ba."

Ban ajiye sifanar da ke hannuna ba. Na ce masa, "Mi sunka ba ka? Mota ko mata?"

Mutanen nan biyu Musulmi ne, suka sunkuyar da kai. Dauda ya ce, "Ba su ba ni komi ba. Ba ka tambaye ni dalili ba, Yaya."

Na ce, "Na san dalili. An saye ka."

Ya tashi ya tafi. Bayan shekara ɗaya ya auri Hadiza, sai na bi mutane ina cewa kun gani ko, ai na faɗa. Mamanki ta gaya mini bai ma san Hadiza ba sai bayan wata takwas da musuluntarsa. Na ce mata ita ma sun yaudare ta ne.

Rahila, shekara ashirin da huɗu ke nan, har yau ban san abin da ya fitar da ƙanena daga majami'a ba. Ko wata tambaya ce ta dame shi, ba wanda ya amsa masa. Ko wani daga cikinmu ne ya ɓata masa rai. Ko kuwa zuciyarsa ce ta kwanta da abin da ya ji a can. Ban sani ba, domin ranar da ya zo zai faɗa, na rufe masa baki da zagi. Kada ki ɗauka na canza ra'ayi a kan bangaskiya. Har gobe na gaskata Almasihu ne hanya, kuma a ganina Dauda ya bar abu mai daraja. Amma da na ajiye sifanar nan na ce masa zauna, gaya mini, da wataƙila na sami abin da zan amsa masa. Idan wani ya zo miki da magana mai zafi a kan addini, ki fara tambayarsa me ya sa. Ki bar shi ya gama. Mutumin da kika riga kika yanke masa dalili, ba zai ƙara sauraron naki ba.

Bayan shekara goma Kakarki Laraba, Innarmu, ta kwanta ciwon da ya yi ajalinta. Dauda da Hadiza suka taho daga Shinkafi don jinya. Kina makarantar kwana, ba ki ga wannan ba. Ni tun da na gan su a ƙofar gida na ce a raina ba jinya ta kawo su ba. Na taɓa jin labarin wata tsohuwa a wajen Zurmi, wadda aka ce 'ya'yanta Musulmi sun laƙana mata kalmar shahada tana cikin magagin mutuwa, sannan suka ce gawa tasu ce. Ban san ko labarin gaskiya ne ba, ban taɓa haɗuwa da wanda ya gani da idonsa ba, amma na riƙe shi kamar a gabana aka yi. Na ce wa Mamanki kada ta bar su su kaɗai da Inna ko da na ɗan lokaci ne.

Hadiza ce ke yi wa Inna wanka, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwan da ta ɓata. Ni kuwa duk furar da ta dama sai na leƙa kwanon, ko an sa rubutu a ciki.

Wata rana da la'asar na rufe rumfa da wuri, na dawo gida ban gaya wa kowa ba, don in kama su. Na tarar Mamanki ta fita sayen magani. Na cire takalmi na tsaya bayan taga. Na ji Inna tana cewa, "Dauda, yi mini waƙar nan da kake ja ranar Lahadi."

Sai ya ce, "Inna, kin san inda nike yanzu. Kalmomin ba ni iya faɗinsu. Amma in riƙe miki muryar, ke ki sa kalmomin."

Ya fara rera karin waƙar da bakinsa a rufe, a hankali, ita kuma tana bin sa da kalmomi, muryarta tana yankewa. Idan numfashi ya ƙare mata sai ya jira ta. Hadiza tana yi mata fifita. Haka suka yi har ƙarshen waƙar.

Kin san abin da na ji a raina a bayan tagar nan? Haushi. Na ce ka ga, har sunan Ubangiji ya zama abin ƙyama a bakinsa. Kuma na san da ya faɗi kalmomin, da na ce munafuki ne, dabara yake yi don ya sassauta ta. Babu abin da zai yi a ɗakin nan in ga alherinsa. Sai bayan shekaru na gane cewa ranar Dauda ya yi abin da ni na kasa. Bai saki abin da ya gaskata ba, bai kuma hana uwarsa abin da take so ba.

Ranar jana'iza na hana shi ɗaukar akwatin. Na sa samarin majami'a suka kewaye shi, ba ƙofar da zai sa hannu. Da aka ba ni dama in yi magana a bakin kabari, na yi magana a kan masu juya baya, kowa ya san wa nake nufi. Shi yana tsaye can gefe, gindin darbejiya, tare da abokansa direbobi waɗanda suka kawo motoci biyu suka ɗebo mutanenmu zuwa maƙabarta. Da aka watse, fastonmu na lokacin ya ja ni gefe ya ce, "Dattijo Yakubu, yau ba wa'azi ka yi ba, jifa ka yi." Na yi wata uku ba na gaishe shi da kyau, har ina zargin ko Dauda ya je ya same shi a ɓoye.

Ke yanzu za ki riƙa tsayawa a kan matan da ke cikin naƙuda, yawancinsu Musulmi. Mace a kan gadon haihuwa ba ta da ƙarfin musu, kada ki taɓa amfani da wannan. Ki yi mata addu'a a zuciyarki, ki yi aikinki da kyau. Idan ta ce a kira uwarta ta yi mata addu'a irin tasu, ki kira ta da sauri, ki ba su wuri. Idan ta warke ta tambaye ki abin da kika gaskata, ki faɗa mata gaskiya, ba ragi.

Na ce ba ragi, domin kuskurena na gaba ta can ya fito. Kada ki zaci ubanki jarumi ne da ya yi yawan zafi kawai. Lokacin da ƙauyuka suka fara rikicewa, mutane suka daina yarda da baƙo, an kira ni zuwa garin Badarawa in gyara wa wani manomi, Malam Lawali, injin ban-ruwa a fadama. Da ma kin san sunana ba ya nuna ko ni wane ne. Kafin in sauka daga babur na tura Littafina Mai Tsarki can ƙasan jakar kayan aiki, na rufe shi da tsumma. Muna cikin aiki aka kira azahar. Malam Lawali ya miƙo mini buta ya ce, "Malam Yakubu, ga ruwa."

Na dubi mutanen da ke wurin, su shida, ba wanda na sani. Na ce, "Ku yi gaba, ina zuwa." Na zaga bayan shinge, na jiƙa fuskata da hannuwana da ƙafafuna, na ɗan daɗe, na fito yadda za su ɗauka na yi tawa sallar. Malam Lawali ya dube ni ya kau da kai. Har na gama aikin bai ƙara sakin fuska ba, kuma bai sake kira na ba.

Bayan sati ɗaya Dauda ya tsaya da motarsa a bakin rumfata. Bai zauna ba. Ya ce, "Yaya, mi ya sa ka yi haka Badarawa? Ni na tura su wurinka. Na hwaɗa musu yayana Kirista ne, amma aikinshi babu algus. Lawali ya ba ka buta don ka wanke baƙin mai ka ci abinci. Yanzu cewa yake, mutumin da ke ɓoye addininshi, mi kuma yake ɓoyewa?"

Ya ce, "Kai da ka tsaya bakin kabari ka yi mini faɗa gaban jama'a." Bai ƙarasa ba, ya shiga mota ya tafi.

Wannan ta fi komai ba ni kunya a lokacin. A gaban ƙanena, wanda na san ba zai taɓa ɗaga mini hannu ba, ina da baki. A gaban mutum shida da ban sani ba, na yi musun Ubangijina da butar ruwa. Ina ganinki, Rahila, kina zaune a zaure kina musu da mutane a waya, kina jefa musu ayoyi, suna jefo miki nasu, kina dariya idan kin ga kin ƙure wani. Ban hana ki sanin abin da kika gaskata ba, ki san shi sosai. Amma wannan musun ba shi ne tsayawa ba. Tsayawa ita ce ranar farko a wurin aiki, idan aka ce miki ga tabarma, ki ce na gode, ni Kirista ce, ki faɗa da fara'a, ki ci gaba da aikinki. Ba sai kin taɓa abin da suke girmamawa ba. Kada ki taɓa shi, ko da wasa, ko a waya, ko an tsokane ki. Wanda ya cika tsokanarki a kan wannan, ki lura da shi, wataƙila so yake ki faɗi abin da zai ɗauka ya kai gaba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. A gidanmu Mamanki kaɗai ta sani.

Shekara huɗu da suka wuce wani mutum ya kira ni a waya, ya ce injin niƙan ƙauyensu ya lalace, can ciki bayan Zurmi. Ya ce in zo ranar Talata, zai tarye ni a bakin hanya da babur. Na ce to. Ranar Litinin da safe Dauda ya kira ni, shi da yakan yi wata shida bai kira ba. Ya ce, "Yaya, an ce za ka wani aiki bayan Zurmi gobe."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ka bar wannan. Kada ka je. Wanda yak kira ka ba mutumin kirki ne ba. Don Allah, Yaya, kada ka je."

Na ce ya faɗa mini inda ya ji, ya ce a tasha ake jin magana, direba kunnensa ba ya rufe. Mamanki ta ɓoye mini makullin babur, ban je ba. Bayan sati biyu labari ya zo cewa sun kira wani mai gyaran sola daga wani gari, da irin maganar da suka yi mini. Ya je, 'yan bindiga suka ɗauke shi a bakin hanyar. Sai bayan wata uku ya dawo, ba ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Mutum mai hankali zai shiga mota ya je ya rungume ƙanensa. Ni na zauna ina juya abin a raina. Ta yaya ya san an kira ni? Ta yaya ya san ranar? Ta yaya ya san mutumin? Lokacin kowa maganar masu kai wa 'yan daji labari yake yi, ana cewa direbobi ne ke kai musu mai da burodi. Na ce a raina, mutumin da ya iya barin Ubangijinsa, me ba zai iya ba? Kin ga inda zargin ya samo tushe. Ba daga abin da ya yi ba, daga abin da na riga na yanke masa tun a rumfa.

Ranar Lahadi bayan sujada na faɗa wa wani ɗan'uwa dattijo, ba zan rubuta sunansa ba. Na ce, "Ni fa abin Dauda yana damuna. Ta yaya ya san sirrin mutanen daji haka?" Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ce masa ya bar ta tsakaninmu. Shi ya faɗa wa surukinsa, surukin yana da aboki cikin samarin da ke gadin gari. Kafin maganar ta isa Shinkafi ta zama cewa yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya tabbatar yana tare da 'yan bindiga.

Ranar kasuwa samarin gadin gari suka fitar da shi daga mota a tasha, a gaban fasinjojinsa. Kwana biyu yana hannunsu. Sai da shugabannin direbobi da limamin unguwarsu suka tsaya masa aka sake shi. A nan aka ji gaskiyar: wani fasinja ne ya yi waya a bayansa, ya ambaci bakaniken inji na Kaura, Yakubu, da ranar Talata, bai san direban ƙanen Yakubun ne ba. Dauda ya gaya wa shugabansu na tasha a ranar, shugaban ne ya ce masa ya kira ni, amma kada ya faɗi inda ya ji, don kada mutumin ya gane shi. Da na ƙara haƙuri na tambayi ko mutum ɗaya a tasha, da na sani.

Samarin sun karya masa hannun dama a wuri biyu. Bai ƙara riƙe sitiyari ba. Kin gan shi yanzu yana sayar da baƙin mai da belin mota a ɗan shago. Kin taɓa tambayata me ya sami hannunsa, na ce miki haɗari ne. Ƙarya na yi miki.

Na je ganinsa a asibiti bayan kwana biyar. Hadiza tana zaune a bakin gado, ta gaishe ni ta miƙe ta fita, ba ta dube ni ba. Fuskarsa a kumbure, ido ɗaya ba ya buɗuwa. Na zauna a bakin gadon. Shi ya fara. Ya ce, "Yaya, aikin nan dai ba ka je ba ko?"

Na ce, "Ban je ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sai ya ce, "Sun ce wani nawa ne ya ba da sunana. Na ce musu ban da wanda zai yi mini haka. Kowane ne, na yahe mishi, don ban son in tashi da shi ranar hisabi."

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na ajiye lemon da na kawo, na fito. Shekara huɗu ke nan ban faɗa masa ba. Ina zuwa majami'a, ina zama a kujerar dattawa, ina miƙa wa mutane gurasar Jibin Ubangiji da hannun nan. Na roƙi gafarar Allah sau da yawa ban san iyaka ba, amma wanda na karya wa hannu yana nan da rai, tafiyar awa ɗaya, ban je ba.

Ina zargin ya sani. Ina zargin Hadiza ma ta sani. Da ya kira ya ce, "Yaya, na ji an turo Rahila nan, ɗakin ɗiyata Zainabu babu kowa tun da anka kai ta gidan miji, ta zo ta zauna," abin da ya fara zuwa raina shi ne ramawa za su yi. Za su janye ki a hankali, su haɗa ki da wani saurayi nasu, wata rana ki zo rumfata ki ce kina son magana da ni, mu biyu. Shi ya sa na yi sati uku ina ƙi. Ranar Asabar Mamanki ta zauna a gabana ta ce, "Baban Rahila, sau nawa ka zargi mutumin nan? A ciki sau nawa ka yi daidai?" Na ƙirga, ban sami ko ɗaya ba.

Ba zan ɓoye miki ba, zargin bai fita daga raina ba. Hali ne da ya tsufa tare da ni. Ko yanzu da nake rubutu, wani abu yana ce mini na yi wauta. Saboda haka ga abin da nake so, ki ɗauki na hankali a ciki. Ki gaya wa Baffanki tun ranar farko cewa kowace Lahadi za ki je sujada, kada ki nemi izini kamar mai laifi, kada kuma ki faɗa kamar mai neman faɗa. Ki rufe kanki kamar yadda matan gidan ke yi, wannan mutunci ne, ba ya rage miki komai. Idan suna azumi kada ki ci abinci a tsakar gida, ki taya Hadiza aikin buɗa-baki. Idan suka ce ki zo ki yi salla, ki ce a'a da ladabi, kuma ki gaya mini. Idan wani namiji ya fara yawan zuwa gidan ba dalili, ki gaya wa Mamanki. Kada ki faɗa wa kowa ranar da za ki yi tafiya, ko a asibiti, ko a majami'a. Kin ga maganar da ta karya hannun Baffanki daga harabar majami'a ta fita, daga bakina. Wanda ya zo miki da labarin wani ya ce ki bar shi tsakaninku, ki tambaye shi ko da idonsa ya gani. Idan ke kika ji zargin wani a ranki, ki je ki tambayi mai shi, ko ki haɗiye. Garinmu yanzu tambaya ɗaya tana iya kashe mutum.

Kada ki ɗauki laifina ki kai masa. Ba aikinki ba ne, kada ki nuna masa kin sani. Ki dai girmama shi. Idan zai ɗauki abu mai nauyi ki riga shi ɗauka, ba tare da kin sa ya ji kunya ba. Idan wata rana ya so ya faɗa miki abin da ya sa ya bar majami'a, ki zauna ki ji har ƙarshe, sannan ki faɗa masa naki, kamar ɗiya da ubanta.

Ni kuma na yanke shawara. Ranar kasuwar Shinkafi ta farko bayan an cire gero, zan zo. Zan zauna a shagonsa in faɗa masa da bakina cewa ni ne. Ban san abin da zai yi ba. Yana iya korata, yana iya cewa ki tattara kayanki, kuma yana da gaskiya in ya yi. Na faɗa miki ne don in rasa hanyar gudu, domin na san kaina, zan nemi dalili in ce hanya ba kyau ko aiki ya yi yawa. Idan ranar ta wuce ba ki gan ni ba, ki kira ni. Kada ki gaishe ni, kada ki tambayi lafiyata. Ki ce kawai, Baba, ba ka zo ba.

Allah ya tsare ki a hanya da gida da wurin aiki. Ya tsare hannunki a kan kowace mace da kowane jariri. Ya kare ki daga mugun mutum, ya kuma kare mutanen kirki daga bakinki. Ya riƙe ki cikin bangaskiya har ƙarshe. Ya tsare gidan da ya karɓe ki da duk wanda ke kwana a cikinsa. Ki gaishe mini da Hadiza. Ki gaishe da Baffanki, ki ce masa yayansa yana nan tafe.

Ni ne mahaifinki,
Yakubu,
Kaura Namoda.